Janar na ofis zai iya jan yaƙi daga nesa?

Auwal: Jama'a, ina nan kan bakana. A zamanin nan babban kwamanda ba ya buƙatar barin yanke shawara a hannun na fili. Jirgi mara matuƙi na aiko masa da hoto kai tsaye, tauraron ɗan'adam kuma na isar da umarninsa cikin daƙiƙa. A Mayun 2011 Obama na zaune a White House yana bibiyar farmakin Abbottabad a Pakistan da aka kashe Usama bin Laden.

Baba Saje: Ɗana Auwal, Obama kallo kawai ya yi. Admiral McRaven ne ke riƙe da ragamar aikin daga Jalalabad a Afghanistan. Da jirgi mai saukar ungulu ɗaya ya faɗi a harabar gidan, yaran da ke ƙasa ne suka sauya tsari nan take. Da a ce sai sun jira izini daga Washington, da labarin ya sha bamban. Abin da ke damuna shi ne janar ya ga hoto a allo ya ɗauka ya ga yaƙi. Allon ba ya nuna masa cewa yaransa sun kwana biyu ba barci, ko harsashi ya kusa ƙarewa, ko mutanen ƙauyen nan sun kwashe iyalansu tun da asuba. Laftanar da ya saba a faɗa masa komai ta rediyo, ranar da layi ya yanke sai ya sandare.

Malama Rabi: Baba, layin ma yana iya zama tarko. A fafatawar Tannenberg ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, Agustan 1914, sojojin Rasha sun riƙa aika umarni ta rediyo ba tare da ɓoye shi ba, Jamusawa suna saurare, suka yi wa rundunar Janar Samsonov na Rasha ƙawanya. A daren shiga 2023 a garin Makiivka da ke gabashin Ukraine, Rasha da bakinta ta ce sojojinta 89 sun mutu, ta kuma ɗora laifin a kan wayoyin salula da suka kunna.

Auwal: Malama, wannan sakacin masu amfani ne. Ukraine fa? Ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka kai wa tsarin sadarwar tauraron ɗan'adam na Viasat harin intanet, amma Starlink, wani tsarin irinsa, ya rufa musu asiri.

Malama Rabi: Kuma wa ke da Starlink, ƙanena? Kamfanin Elon Musk. Rundunar da sadarwarta ke hannun ɗan kasuwar wata ƙasa, ina ikon kwamandanta?

Baba Saje: Ko a gida, a 2013 an katse layukan waya a Borno, aka haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, don a hana 'yan Boko Haram haɗa kai. Su ma mutanen gari da ke tsegunta wa soja bayani sai suka rasa hanyar kira.

Auwal: Baba, na ji. Amma har yanzu ina ganin wanda ya riga ganin abokin gaba shi ke da rinjaye.

Baba Saje: Gani daban, umarni daban. Ka ba ni amsa: in rediyo ta mutu ana tsaka da wuta, wa zai ce a ja da baya?