Neman shawara: ina son zagawa da Hajiya garuruwan bakin iyakar Holan da Jamus a mota

Mai tambaya, daga Eindhoven:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo mana daga Kano, yau sati biyu ke nan, kuma ban da kasuwar unguwa da gidan wani abokina babu inda ta leƙa. Abin yana damuna, don wannan ne zuwanta Turai na farko, kuma saura kwana ashirin ta koma. Na ɗauki hutun ranar Juma'a, ina so mu fita a motata mu kwana biyu a hanya, ni da ita da maiɗakina da yara biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4.

Ga yadda na tsara: Venlo, Duisburg, Düsseldorf, Kolon, Bonn, Aachen, Maastricht, mu dawo gida daren Lahadi. Shekarata uku a Holan amma ban taɓa tsallakawa Jamus da mota ba, jirgin ƙasa nake bi. Bizar Hajiya ta Schengen ce mai shiga sau ɗaya, to idan muka shiga Jamus za a bar ta ta dawo Holan? Sai batun masallaci da abincin halal. Don Allah a taimaka da shawara.

Wani direban babbar mota, daga Venlo:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka a kan biza. Shiga ɗaya ɗin nan, shiga yankin Schengen ake nufi, wato ƙasashen Turai da ake zagawa da biza ɗaya, kuma Holan da Jamus da Beljiyam duk a ciki suke. Ka duba layin sama na bizar kawai, ka tabbata an rubuta ƙasashen Schengen, ba a taƙaita ta ga Holan ba. Amma kada ka ce ai babu iyaka ka bar takardu a gida. Tun 16 ga Satumba 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta na ƙasa, Holan ma ta bi sahu a Disambar shekarar. Ba kowa ake tsayarwa ba, amma ni da ke bin babban titin A67 kusan kullum ina ganinsu. Fasfo na kowa har yaran, da katin zamanku, da takardar inshorar lafiyar Hajiya, su kasance a jakar hannu, ba a but ba.

Abin da ya fi cin mutanenmu kuɗi shi ne koriyar sitika ta gilashin gaba, wadda Jamusawa ke kira Umweltplakette. Duisburg da Düsseldorf da Kolon da Aachen duk suna da yankin da mota ba ta shiga sai da ita, ko lambar wace ƙasa gare ta, kuma tarar Yuro 100 ce. Ana samunta a TÜV ko DEKRA, cibiyoyin duba lafiyar mota na Jamus, da takardar rajistar mota, ANWB, ƙungiyar masu motoci ta Holan, ma na sayarwa. Ka nema tun yau.

A babban titi kuma, ka saba da iyakar gudun kilomita 100 a awa ta Holan da rana. Da ka hau A40 na Jamus za ka ga mota ta taso maka ta hannun hagu kamar an harbo ta. Ka zauna a dama, in za ka wuce wani ka duba madubi sau biyu. Idan cunkoso ya tsaya, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar wa motar asibiti hanya a tsakani, doka ce. Mai ya fi sauƙi a Jamus, amma ka sha a cikin gari, gidajen man kan babban titi tsada gare su.

Wata 'yar uwa, daga Duisburg:

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: garuruwa bakwai a kwana uku da dattijuwa da ƙananan yara, gilashin mota kawai Hajiya za ta gani. Na yi irin wannan da surukata, a rana ta biyu ƙafafunta suka kumbura, muka yini a otal. Ka cire Düsseldorf da Bonn.

Ku taso da safe ku yi Juma'a a nan, a babban masallacin unguwar Marxloh da aka buɗe a 2008, akwai sashen mata. Da an sauko ku gangara Weseler Straße. Titin cike yake da shagunan kayan amare da na gwal da gidajen abincin Turkawa, kuma na tabbata nan Hajiya za ta fi sakewa, don za ta taɓa yadi ta taya, ta kwatanta da na Kantin Kwari. Kada dai ku kai la'asar sakaliya, domin A3 zuwa Kolon da yammacin Juma'a cushewa take.

Mai shekara 9 ɗin nan, ka auna shi. A Holan yaro na barin kujerar yara ta mota idan ya kai santimita 135, a Jamus kuwa sai ya kai 150 ko ya cika shekara 12. Sannan ka riƙe tsabar kuɗi. Kun saba da kati a komai, mu nan akwai ƙananan shaguna da ba sa karɓa, kuma banɗakin wuraren hutawa na babban titi Yuro 1 ne. Ku saka buta a mota. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke a Jamus, duk tsarabar da za a saya a gama ta ranar Asabar.

Wani ɗalibi, daga Aachen:

Na yarda da Anti, har ina ganin Kolon ɗin ma a iya barinta. Aachen ƙarama ce, ana zaga tsakiyarta a ƙafa cikin awa biyu, ga tsohuwar majami'ar da aka binne Sarki Charlemagne, ga masallacin Bilal kusa da jami'a. Amma abin da nake so Hajiya ta gani yana Vaals, 'yan mintuna daga gari. Akwai tudu mai mita 322, wanda babu wurin da ya fi shi tsawo a Holan ta nan Turai, kuma a kansa iyakokin Holan da Jamus da Beljiyam suka haɗu. Mutum zai taka ƙasa uku a taku uku. Mota na kaiwa har sama, ga wurin wasan yara. Wanda ya san yadda ake tsayawa a iyakar Jibiya ko Maigatari zai daɗe yana ba da labarin wurin nan.

'Yar uwar Duisburg:

A'a ƙanena, kada a cire Kolon. Babbar majami'ar garin mai tsawon mita 157 da masallacin unguwar Ehrenfeld ba abin wucewa ba ne, ga titin Keupstraße don abincin dare. Matakala 533 ta hasumiyar majami'ar ce dai ba ta Hajiya ba.

Wani dattijo, daga Arnhem:

Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, ɗana. Daga Eindhoven zuwa Duisburg ya haura kilomita 100, tafiyar ta kai ta ƙasaru, sai ku sauƙaƙa wa kanku. Ga sauran masu karantawa kuma: wanda takardunsa na neman mafaka ba su kammala ba, kada ya ga wannan ya ce zai bi, katin da ke hannunsa ba na tsallaka iyaka ba ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, amin. Na auna yaron, 141 ne, na ciro kujerarsa daga sito. Yanzu tsarin ya koma: Juma'a Duisburg mu kwana Kolon, Asabar da la'asar mu wuce Aachen, Lahadi Vaals da Maastricht, sai mu kamo A2 zuwa gida. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta ce a gaishe da 'yar Duisburg, kuma tana tambaya ko shagunan gwal ɗin suna buɗe bayan sallar Juma'a.