Mai tsoron allura tana suma a mataki na 7, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu horar da mutane kan shawo kan tsoro, musamman waɗanda suka san tsoron allura da jini.

Wata baiwar Allah ce mai juna biyu, kuma dole a ɗebi jininta a wajen awo. An tsara mata matakai 10, daga kallon hoton sirinji, da riƙe shi a hannu, har zuwa zama a kujerar ɗibar jini. Tana auna tsoronta daga 0 zuwa 100, ba a matsawa gaba sai ya ragu da rabi. Shida na farko sun wuce lafiya. A na 7, wato kallon bidiyon allura tana shiga jijiya, nan abin ya cije: gumi ya keto mata, idonta ya yi duhu, sai ta sulale.

Jan numfashi a hankali bai hana ba, domin wannan tsoron daban yake. Bugun zuciya da ƙarfin jini sukan tashi, sannan su faɗi kwatsam, jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa aka koma ɗaure tsokar hannuwa da ƙafafu da gangar jiki, wato ta taurara su da kanta don kada ƙarfin jinin ya faɗi, na daƙiƙa 10 zuwa 15, a sassauta na daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 5. Jirin ya ragu, amma ciwon kai ya biyo baya, kuma ɗaure ciki ga mai juna biyu bai kwanta min a rai ba.

Shin ɗaure cinyoyi da ƙafafu kaɗai zai wadatar? Ko ta fara kallon bidiyon a kishingiɗe, daƙiƙa 5 kacal? Idan kuma likitanta ya ce jininta yana hawa, me zai maye gurbin ɗaurewar? Don Allah a taimaka, ranar awon ta kusa.