Ina neman Hausar "cactus" kafin gobe da safe

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Gobe ƙarfe 10 zan ɗauki shirin lambu na rediyo a kan wani ɗan tsiro mai ƙaya, Rebutia minuscula. Asalinsa tsaunukan arewacin Ajantina ne, girmansa bai wuce lemon tsami ba, jajayen furanni yake fitarwa daga gindinsa. Me zan kira danginsa, wato "cactus" a Turance? Manhajar fassara ta ba ni "murtsunguwa", ni kuwa ban taɓa jin ta a bakin kowa ba.

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Ƙerana. An gama.

Ɗan Lambu: Allah ya gafarta Malam, kama ce kawai suka yi. Ƙerana da tinya da aguwa dangin Euphorbia ne. Ka yanka, farin ruwa kamar nono ya fito, in ya faɗa ido an shiga uku. Rebutia ba shi da wannan, kuma ƙayarsa daga wasu 'yan tuntaye masu laushi kamar auduga take tsirowa. Danginsa kusan duk 'yan nahiyar Amurka ne. Hajiya, in kika ce ƙerana, shingen gona mai sauraro zai hango.

Na Birni: To ga tawa, bushiyar lambu. Dunƙulalle, ƙaya ko'ina. Ku duba hotonsa ku gaya min ba bushiya ba ce.

Ɗan Lambu: Ta dace da wannan ƙaramin. Ɗan'uwansa Saguaro na Arizona a Amurka fa, mai tsayin fiye da mita 10? Wace irin bushiya ke nan?

Na Birni: Sai a ce ƙatuwar bushiya.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kaktus muke cewa, ba mu ga abin da ya ragu ba.

Malam Tsoho: Abin da ke kashe harshe ke nan. Kowa ya ɗauko ta Bature ya sa mata hula ya ce Hausa ce.

Ɗan Maraɗi: Malam, tumatir da karas fa? Wa ya haife su? Ko sai abin da Kano ta sa wa albarka ne Hausa?

Malam Tsoho: Ni ban ambaci Kano ba, kai ka kawo ta.

Na Birni: Shi ya sa na ce bushiyar lambu, ba ta kowa ba ce, kowa ya huta.

Maman Ilham: Don Allah a dawo kan magana, dare na yi. Ga yadda na rubuta: "Kaktus, wato tsiro mai ƙaya da ke ajiye ruwa a jikinsa, mai kama da ƙerana amma ba ita ba. A shuka shi a tukunya mai huda, a cakuɗa ƙasar da yashi da tsakuwa. Kada a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, don yawan ruwa ke ruɓar da saiwarsa. Lokacin sanyi a bar shi ya huta babu ruwa, bayan nan ne yake fure."

Ɗan Lambu: Ya yi. Ki ƙara cewa ɗan kan dutse ne, ranar safe ta ishe shi. Nawa na bari a tsakar gida cikin Afrilu, gefe guda ya ƙone.

Malam Tsoho: Tunda har an ambaci ƙerana, na yi shiru. Amma ban yarda ba.

Na Birni: Ko sau ɗaya dai ki ce bushiyar lambu, mu ji yadda za ta zauna a kunne.

Maman Ilham: Sau ɗaya, in lokaci ya rage.