Ganuwa, tawada da sulhu: musayar baituka kan magabata

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum jama'a, jiya na raka wasu baƙi gidan tarihin Kanta, ina hitowa baituka sunka zo mani a ka, ni ba gwani ba ne amma duk mai iyawa ya amsa, amsa-amon "wa" za mu bi.

Kanta uban Kabi namijin duniya,
Kai ne ka hana Askiya sakewa.
Songhai ta zo da dawaki da masu,
Ta koma gida ba ta kai ga ƙwacewa.
Surame ka gina da dutse da laka,
Shekara ɗari biyar ba ta gama rushewa.

Wajen 1516 ne fa ya ɓalle daga Songhai, bayan yaƙin Agadas, kan rabon ganima.

Kawu na Gwandu:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi maka albarka, ba ka yi ƙarya ba. Amma ni na taka Surame da ƙafata, daji ya rufe wurin, sai da anka nuna mani kufai sannan na gane. Saurara.

Ɗana ka faɗi gaskiya kan Kanta,
Amma ganuwa ruwa na cinyewa.
Zo Gwandu ka ga gadon Abdullahi,
Ƙanen Shehu, tawada ba ta gogewa.
Diya'ul Hukkam a Kano ya rubuta,
Don masu mulki su bar zaluntawa.
Diya'ut Ta'wil tafsirin Alƙur'ani,
Har yau a zaure ana karantawa.

Hubbarenai na nan Gwandu, kuma wallahi ni da kaina a gaban malam na durƙusa na ɗauki tafsirin nan, kowane baƙi da na iya ladansa na isa gare shi.

Bazamfariya:
Kawu ina gaisuwa, Allah ƙara girma. Yaya ɗan Argungu sannu da ƙoƙari, ku ɗan matsa mani in sa baki don Zamfara ma ba a bar ta baya ba.

'Yandoto garin allo da alƙalami,
Daga nesa almajirai ke tahowa.
Namoda jarumi a ranar Alƙalawa,
Ƙaura da sunanka take amsawa.
A da jirgin ƙasa tun daga Ikko,
A Ƙaurar Namoda yake tsayawa.
Yau ga shi hanyar ƙauyen kakata,
La'asar na yi ba mai iya wucewa.

Ku yafe ni baitin ƙarshe ya kauce, abin ne ke ci mani rai, shekara biyu ban je na gaishe ta ba.

Ɗan Argungu:
Ƙanwata bai kauce ba sam, kin ma tuna mani da mutum biyu da na tsallake. Sama da shekara ɗari Kabi da Sakkwato na gaba da juna, sai 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako har Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, anka yi mashi su a kogin Matan Fada, to daga nan bikin kamun kifi ya kafu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Hassan da Sama kun aje takobi,
Gora da homa sunka maye gurbin harbawa.
Jikan maharbi da jikan wanda anka harba,
Ruwa guda suke faɗawa.

Na san awon ya karye a nan, Kawu a gyara mani.

Kawu na Gwandu:
Bar shi hakanan ɗana, ba na taɓa shi. Ɗiyata ga naki.

Allan da ya kai Hassan ƙofar Sama,
Shi buɗe hanyar da kike jin tsoron wucewa.

Bazamfariya:
Amin Kawu, amin. Yanzu zan kira kakata in karanta mata, in an samu sabis a ƙauyen.