Neman shawara: za mu yi tseren mota na awa 6, yaya za mu yi da shan mai?

Bakanike, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka girme ni a harkar mota. Mu matasa ne, yawancinmu bakanikai da direbobi a nan Maradi. Mun haɗa kai za mu yi tseren juriya na awa 6 a gonar wani dattijo a hanyar Dakwaro, tunda an kwashe amfani kuma ya ba mu izini. Wanda ya fi yawan zagaye kafin lokaci ya cika shi ne ya ci. Motocin tsofaffi ne, Starlet da Corolla da Golf, kowace da direba uku.

Inda muka kasa jituwa shi ne shan mai. Tanki ɗaya ba zai kai mu ƙarshe ba, dole a tsaya. Wasunmu sun ce direba ya zauna a ciki, inji na aiki, mutum biyu su juye bido a guje a wuce, wai haka ake yi a telbijin. Akwai ma mota ɗaya da sai an tura ta take tashi, mai ita ya rantse ba zai kashe ta ba. Ni dai raina bai kwanta ba, amma in na yi magana sai a ce tsoro ne. Don Allah wanda ya san ƙa'idar abin ya taimaka.

Tsohon direban tanka:
Wa alaikumus salam. Yaro, tsoron nan naka ka riƙe shi da kyau. Abin da ke kama wuta ba ruwan man ba ne, tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwantawa ya bi ƙarƙashin mota. To me ke ƙarƙashin motar da ta yi awa biyu tana gudu? Salansa mai zafi da birki mai zafi. Ka ƙara da inji na aiki da wayoyin wuta irin na tsofaffin motocinmu, waɗanda rabinsu da leda aka ɗaure. Ba a buƙatar ashana. Gazuwal yana da haƙuri, sai ya ɗumama sosai yake ba da tururin da zai kama. Fetur ko da sanyin asuba a shirye yake.

Kuma kun zaɓi lokacin hunturu. Iska a bushe take, shi ya sa in ka taɓa ƙofar mota wani lokaci sai ka ji ta ɗan ja ka. Wannan ɗan tartsatsin ya isa. Saboda haka bido a ƙasa ake ajiye shi a cika shi, ba a bayan mota ba. Kafin a fara zubawa, bakin mazurari ya taɓa ƙarfen bakin tanki, ya zauna a haɗe har a gama. Ku bar bidon man girkin nan mai ruwan ɗorawa da ƴan ruwa-ruwa ke amfani da shi, ba don fetur aka yi shi ba, murfinsa ba ya riƙewa. Ku nemi jarkar ƙarfe ta lita 20. Kada ku cika ta har wuya, kada ku bar ta a rana, domin mai yana kumbura da zafi, in ka buɗe sai ya feso maka a fuska.

Wanda ya manta da tankar da ta faɗi kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu na 2019, ya tambaya. Mutane sun taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Malamin makaranta mai bin tseren motoci:
Baba ya gama magana a kan wuta. Ni bari in taɓa batun telbijin, don a nan abokanka suka yi kuskuren fahimta. Tsayawar daƙiƙa biyu ko uku da suke gani ta Formula 1 ce, kuma taya kawai ake canzawa. Tun 2010 aka hana shan mai a tsakiyar tserensu. Kafin nan sun ga abin da suka gani. A 1994 a Hockenheim ta Jamus mai ya fantsama a kan motar Jos Verstappen, wuta ta rufe shi da ma'aikatansa. Sun tsira ne saboda kowa na sanye da kayan da wuta ba ta ci da sauri, kuma masu kashewa na tsaye a wurin. A 2008 a Singafo, Felipe Massa ya ja mota tiyon mai na maƙale a jikinta. Ƙwararru ke nan masu kuɗi.

Tseren da ya yi kama da naku shi ne na awa 24 na Le Mans a Faransa, wanda ake yi tun 1923. A can dole a kashe inji kafin a sa mai. Gudu a layin zango, wato inda motoci ke tsayawa shan mai da gyara, bai wuce kilomita 60 a awa ba. Ba a yarda direba ya sa giyar baya a layin ba, in ya wuce rumfarsa sai dai a turo shi da hannu.

Amma shawarar da ta fi amfani gare ku daga masu tseren sha'awa na Amurka za ku ɗauko ta, irin ChampCar, waɗanda su ma da tsofaffin motoci suke yi. Dokarsu ita ce duk motar da ta shigo shan mai sai ta yi aƙalla minti 5 kafin ta fita. Ko ka gama a minti biyu, sai ka jira. Ka duba hikimar: gaggawa ba ta ƙara wa kowa komai, don haka ba wanda zai yi ta. Wanda ya zubar da mai don sauri da wanda ya zuba a natse, tare za su fita. Da wannan doka ɗaya gardamarku ta mutu, domin abokanka ba son wuta suke ba, tsoron a wuce su suke. Ku sa mutum ɗaya da agogo da littafi a bakin zango, wanda ba ya cikin kowace ƙungiya, ya rubuta shiga da fita. Wanda ya fita kafin lokaci a cire masa zagaye biyu.

A cikin minti biyar ɗin ga yadda ya kamata abin ya bi. Mota ta tsaya, a kashe inji, direba ya fito. Sai a buɗe tanki. Mutum ɗaya na zubawa, ɗaya na tsaye da tukunyar kashe gobara a hannu, ba shi da wani aiki sai wannan. Muddin tanki a buɗe yake ba mai taɓa motar, ba duba taya, ba buɗe bonet, ba goge gilashi. In an rufe an share abin da ya zuba, sannan sabon direba ya shiga ya ɗaura bel.

Ɗan kabu-kabu:
Haba Malam, minti biyar? Ai an kashe armashin abin. Mu fa kallo za mu zo, daɗin tsere ai ka ga ana rige-rige har a wurin shan mai. Kullum a tasha muna shan mai babur na aiki ba abin da ya faru.

Malamin makaranta mai bin tseren motoci:
Ƙanena, rige-rigen na nan a fili, awa shida cur. Kuma wannan doka ta kan ƙara wa abin daɗi ne, don sai lissafi ya shigo: wa zai iya tsayawa sau biyu, wa zai tsaya sau uku? Direban da ya iya lallaɓa mai sai ya ci wanda ya fi shi ƙafa. Batun babur kuwa, lita biyu ce daga famfo. Nan lita 20 ce a hannun mutum mai haki, a kan motar da ta yi zafi.

Na manta ban faɗa ba. A Le Mans da can, in za a fara tsere, direbobi da gudu suke tsallaka titi su faɗa mota su tashi, da yawa ba su tsayawa ɗaura bel. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi gudun, ya taka a hankali, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi a ƙarshe. A zagayen farko na wannan tseren wani direba, John Woolfe, ya yi haɗari ya mutu. Ickx kuma shi ya ci tseren. Daga shekarar da ta biyo aka daina wannan gudun. Don haka ku sa wanda zai duba bel da hular kwanon kowane direba kafin a sake shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Sannunku. Ni abin da nake gani a wurin aiki zan faɗa. Ƙunar da ta fi ba mu wahala ita ce wadda riga ta narke ta manne da fata. Rigunan ƙwallon nan da samari ke so duk roba ce. Mai zuba mai da direba su sa auduga zalla, dogon hannu da dogon wando, da takalmi rufaffe, ba silifa ba. In da hali a samo rigar tsere ta Nomex, yadin da wuta ba ta ci da sauri, ko ta gwanjo ce, a ba mai zuba mai, shi ya fi kowa kusa da haɗari. Ya sa hular kwano mai gilashi a rufe da safar hannu.

In tsautsayi ya faru, ruwa mai tsabta za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba bakin mai, don Allah. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, abin da ya manne a bar shi, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Ruwan nan na jikin mutum ne, ba na wutar ba. Ruwa a kan wutar fetur yaɗa ta yake yi.

Sai zafi. A ChampCar da Malam ya ambata direba ba ya wuce awa biyu a jere. A Maradi, cikin ƙura, gilashi a rufe, ni awa ɗaya zan ce. Direban da ƙishirwa ta kama ba ya sanin hankalinsa ya ragu. Ku tanadi ruwa da ruwan gishiri da sukari. Kuma mota ɗaya ta zauna ba ta tsere, da direbanta da mai a ciki, fuskarta na kallon hanyar gari.

Alhaji mai sayar da kayan mota:
Ni in ta ni ne a bar abin nan. Amma na san ku, tunda kun ƙudurta sai kun yi. To ku je wurin magajin gari da jandarma da masu kashe gobara ku sanar a rubuce, kada ku tsaya ga izinin mai gona. Abin da ya fi damuna ba ku ba ne, yara ne. Ku da kanku kun san garin nan, da an ji ƙarar inji duk ƙauyukan gefen za su cika wurin, ga masu talla, ga mai tuyar awara da murhunta, ga mai shayi. Zangon manku ya yi nisa da jama'a, a kewaye shi da igiya, a sa ƙarti su tsare. Ba taba, ba murhu, ba janareta kusa. Kuma kada a sa ƴan kallo a wajen kwana inda mota za ta nufa in ta ƙwace.

Malamin makaranta mai bin tseren motoci:
Gaskiyar Alhaji. Haɗari mafi muni a tarihin tseren mota, na Le Mans a 1955, a daidai bakin zango ya faru. Wata mota ta taka birki za ta shiga zango, ta bayanta ta kauce, ta uku ta hau kanta ta tashi sama ta tarwatse cikin ƴan kallo. Fiye da mutum 80 suka mutu. Ku ware hanyar shiga zango tun daga nesa, direba ya ɗaga hannu ko ya sa sigina tun kafin ya rage gudu. A cikin zango kuwa giya ta ɗaya kawai.

Bakanike, unguwar Zariya:
Allah Ya saka da alheri Baba, Malam, Yaya, Alhaji. Na karanta wa abokai a garaji, an amince da minti biyar da kashe inji da fitar direba. Mai motar turawa ne kaɗai ke ƙunƙuni. Tambaya ta ƙarshe: tukunyar kashe gobarar nan, ƙaramar da ake ajiyewa a mota ta isa? Kuɗinmu ya fara ja baya.

Tsohon direban tanka:
Ba ta isa ba. Ku nemi mai hoda ta kilo 6 ko 9, wadda aka rubuta ABC a jikinta, kowace rumfa da tata. Ko babbar ma ba ta kai rabin minti tana feshi, balle ƙaramar. Ku duba allurar tana kan kore, ku juya ta ku girgiza don hodar kan dunƙule in ta daɗe a ajiye. Mai riƙe ta ya zare fil tun kafin a buɗe tanki, ya tsaya iska na bayansa, ya nufi gindin wutar ba harshenta ba. In kuɗi ya gaza ku yi rumfar shan mai guda ɗaya ta kowa da kowa, motoci su riƙa shiga bi da bi, ku tara tukwanen a nan. Bokitin yashi biyu da faranti a ƙarƙashin bakin tanki ba su cin ko dala. Shi kuma mai ƙunƙuni, garaji gare ku. Ku kwance masa sitata ku gyara kafin ranar, in ya ƙi ya zo ya riƙe agogo.