Kallon Wasan Kwaikwayo da Koyon Rubutu

A tattaunawar da muka yi da matasa masu sha'awar rubutu a Sakkwato, mun fi daɗewa kan wasanni masu dogon zango irin na tashar Arewa24. Shawarar da ta fi shiga raina ita ce mutum ya fara kallo don jin daɗi, sannan ya maimaita fitowa ɗaya da biro a hannu, yana lura da inda aka datse labari har mai kallo ya ƙagu mako ya zagayo. Littattafan matasa kuwa, a riƙa karanta hirar taurarinsu a bayyane, domin kunne na saurin kama maganar da ba ta zauna ba. Wata malama ta shawarci 'yan mata su gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016.