Muhawara: Tabarau na VR zai iya koya wa ɗan sanda sanyaya rikici?

Malam Habu: Assalamu alaikum. A 2019 kamfanin Axon, masu ƙera Taser, bindigar nan da ke sandarar da mutum da lantarki, ya fara horar da 'yan sandan Chicago a Amurka da tabarau na VR. Da ka ɗaura shi a fuska sai ka tsinci kanka a wani wuri na kwaikwayo kamar gaske. Da farko kai ne mai taɓin hankalin: muryoyi na yi maka magana a ka, ga mai kaki tsaye a gabanka yana ba ka umarni. Sai a juya, ka zama ɗan sandan, ka zaɓi abin da za ka faɗa. A ganina ba a taɓa samun hanyar da ta kai wannan ba wajen koya wa ɗan sanda ya yayyafa wa rikici ruwa tun hannunsa bai kai ga bindiga ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Ɗan sanda Derek Chauvin shekararsa 19 a aiki ranar 25 ga Mayun 2020 da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis, sama da minti 9, bawan Allah yana cewa ba ya iya numfashi, jama'a na tsaye suna roƙo. Har sababbin shiga yake koya wa aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Thomas Lane, wanda bai cika mako guda da zama cikakken ɗan sanda ba. Sau biyu yana tambaya ko a juya Floyd ya kwanta ta gefe, Chauvin ya ƙi. Ashe ya san abin da ya dace. Ƙarfin halin ɗaga na gaba da shi daga wuyan mutum ne ya gagare shi. Wane tabarau ne zai ba shi wannan?

Aminu: Hajiya, ki ba ni dama. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu taɓin hankali. Idan ciwo ya tashi wa mutum, abin da ya fi tunzura shi shi ne mutum uku su riƙa yi masa magana lokaci guda, kowa da nasa umarnin. Mu abin da muke yi, ɗaya ne zai yi magana, a ja da baya, a sassauta murya, a bar masa hanya, a jira. Kowa zai iya haddace wannan a minti biyu. Amma ranar da wani ya ɗauko kujera ya nufo ka, haddar guduwa take yi, sai abin da jiki ya saba. Ni ma sai da na sha maimaitawa kafin ƙafata ta koyi ja da baya maimakon matsawa gaba. In za a yi atisaye da mutane masu kwaikwayo, sai an tara su, an biya su, kowane jami'i ya samu zagaye ɗaya ko biyu. Tabarau kuwa ba ya gajiya.

Malam Habu: Madalla, Aminu. Matuƙan jirgin sama ma ai a na'urar kwaikwayo suke koyon saukar gaggawa.

Sadiya: Malam, injin jirgi ba ya jin an raina shi, ba ya kuma tsoron baƙar fata. Sannan mu duba hujja. Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su daga Louisville suka fito, inda Farfesa Robin Engel, tana Jami'ar Cincinnati a lokacin, ta bi diddigin horon sanyaya rikici mai suna ICAT da aka yi wa 'yan sandan garin a 2019. Amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, raunukan jama'a da kashi 26, na 'yan sanda da kashi 36. To amma wannan horon a aji aka yi shi, da bidiyo da atisaye da mutane. Kada mu ɗauki nasararsa mu jingina wa tabarau. Kuma a wannan Louisville ɗin 'yan sanda suka harbe Breonna Taylor a gidanta a Maris na 2020.

Malam Habu: Na yarda alƙaluman ba na tabarau ba ne. Amma ai sun nuna sanyaya rikici abu ne da ake koyo, ba sai an haifi mutum da shi ba.

Sadiya: A nan muna tare. Damuwata ita ce mai sayar da Taser shi ne mai rubuta labarin da ke cikin tabarau, shi ke yanke abin da za a kira zaɓi mai kyau.

Hajiya Rabi: Ga kuma Memphis. Su suka fara horon awa 40 na tarbar masu taɓin hankali tun 1988, garuruwa da dama suka kwaikwaye su. A Janairun 2023 'yan sandansu biyar suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya zama ajalinsa, da kyamarori a ƙirjinsu.

Aminu: Hajiya, waɗannan biyar ɗin hukunci ya kamace su, ban ce tabarau zai shirya su ba. Ni wanda nake tunani shi ne yaro ɗan sanda ɗan shekara 23 da aka tura shi da tsakar dare gidan da uwa ta kira don ɗanta ya riƙe wuƙar kicin yana sambatu. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Na fi son ya zama ya shiga irin wannan ɗakin sau ashirin kafin daren.

Hajiya Rabi: To a ba shi, Aminu. Amma a cikin ashirin ɗin nan, goma su zama sajansa ne ya danne mai wuƙar a ƙasa, a ga ko zai sa hannu ya ɗaga shi.